Iya, Rabin Waƙa Kika Bar Mini

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar jika ga kakarta, da fatan kina cikin rahamar Allah. Na san ba za ki karanta wannan takardar ba. Ko da kina nan ma ba karantawa za ki yi ba, cewa za ki yi in karanto miki, in na fara kuma ki ce in ɗaga murya, ba da tururuwa nake magana ba. To yau ba sai na ɗaga ba. Na yago takarda daga tsakiyar littafina na zauna a bayan ɗakinki, don ina da magana da ke, kuma ba mai daɗi ba ce. Haushinki nake ji, Iya. Na faɗa. Allah Ya yafe mini.

Bari in fara ba ki labarin gida kafin in manta. Muna nan Limawa inda kika bar mu. Umma ta haihu, mace, watanta huɗu yanzu. Baba ya sa mata sunanki, don haka babu mai iya kiran sunan, kowa Iya Ƙarama yake cewa. Tana da faɗa irin naki. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, amma har yanzu a zaune yake yin nafila. Turminki an kife shi a gindin dalbejiya, a kansa ake zama a yanka kuɓewa. Gero kuwa inji ake kai shi, duk da kin ce garin inji warin ƙarfe yake yi. Gaskiyarki ce, yana yi, amma mun saba.

Ni kuma na shiga sakandare, ina gama aji ɗaya. Ba ki ga kayan makarantata ba, da sati uku kika riga su. Makarantar tana da girma, kuma ni kin san ni. Da ba don Rabi ba, da ban san yadda zan yi ba. Ba ki san Rabi ba, a nan na same ta, benci ɗaya aka haɗa mu ranar farko. Ita ce bakina. In ina son fita, ita ke ɗaga hannu ta tambayar mini. In an yi tambaya na san amsa, sai in raɗa mata ta faɗa. In an tare ni a bakin famfo, ita ke ture mutane ta ce a bar ni in sha. Ita kaɗai gare ni a duk makarantar nan. Ki riƙe wannan, don a kansa duk abin ya faru.

A makarantarmu wanda ya faɗi darasi biyu a jarrabawar ƙarshen shekara, maimaita aji zai yi. Lissafi kam na san na faɗi tun kafin a raba takardu, ba sai an gaya mini ba. Saura ɗaya ke nan. In na ƙara faɗuwa ɗaya, Rabi ta wuce aji biyu, ni in zauna da sababbin yara, ba wanda zai ɗaga mini hannu. Kin san wane darasi ne ya tsaya mini a wuya? Waƙa, Iya. Waƙa! Ni da na tashi a gidan da ba a daka gero sai da waƙa.

Eh, ana koyar da kiɗa da waƙa a makaranta, har a yi jarrabawa a ba da maki. Na san dariya za ki yi. Mai koya mana sunanta Malama Asabe. Ba muguwa ba ce, amma komai nata sai da takarda. Tana zana layi biyar a allo, ta jera waɗansu abubuwa a kai masu kama da ludayi, wani baƙi wani fari, wani hannunsa sama wani ƙasa. Ta ce kowane ludayi sauti ne. Ludayi kuma? Mu yi ta do, re, mi har makogwaro ya bushe. Akwai hoton wani abin kiɗa a littafinmu mai haƙora fari da baƙi, an ce mu haddace sunayen sassansa. Duk ajin babu wanda ya taɓa ganinsa da ido, ina jin har Malamar. Amma duk wannan ban damu ba, don hadda ce, ita kuwa hadda ba sai an buɗe baki gaban mutane ba.

Sai a zango na biyu Malama ta ce za a yi gwaji. Kowa ya zo da waƙar gargajiya ɗaya daga gidansu, ya tsaya gaban aji shi kaɗai ya rera. Na ce a raina ai ina da ita. Waƙar dakanki. Shekara nawa ina yin ta? Tun taɓarya ta fi ni tsawo kike tsayar da ni gefen turmi. Ban ko yi bita ba, don me zan yi bitar abin da ke cikin jinina?

Ranar na fita gaban aji. Na buɗe baki na ce, sai a daka, Iya, sai a daka. Sai na yi shiru. Na sake cewa, sai a daka, Iya, sai a daka. Na sake yin shiru. Sau huɗu ina yi kafin in gane abin da nake jira. Ke nake jira. Ke ce mai bayarwa, ni amshi kawai nake yi. Duk shekarun nan amshi kaɗai na iya, shirun nan da nake yi wurinki ne. Ajin suka fashe da dariya, har da masu bugun benci. Malama ta tambaye ni ina sauran waƙar. Ta ce wannan ba waƙa ba ce, jela ce babu akuya. Ta ba ni makin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ta kuma ce in ban kawo cikakkiyar waƙa a jarrabawar ƙarshe ba, kada in ga laifinta.

To ina tambayarki, Iya. Me ya sa ba ki taɓa cewa in zo in karɓi bayarwar ba, ko sau ɗaya? Kin koya mini surfe, kin koya mini yadda ake jefa taɓarya a tafa a cafe, kin koya mini gane gari da yatsa. Waƙar ce ta gagare ki? Ko kin ɗauka za ki dawwama ne a bakin turmin? Ni kuma wane irin kunne gare ni, da zan yi shekara bakwai ina amsa abu ban riƙe ko baiti ɗaya ba?

Dokar Malama ta jarrabawar ƙarshe ta fi ta gwajin tsanani. A rubuta waƙar a takarda, baiti takwas aƙalla, a kawo mata saura sati guda. A ƙarƙashin kowane layi a rubuta do, re, mi ɗinsa. Ranar jarrabawa a rera abin da ke takardar daidai, tana bi da jan biro. Rabi ta ce in bar taki, ta koya mini ta gaɗa irin wadda kowa zai kawo. Na ƙi. Ban san me ya sa na ƙi ba. Taurin kai ne, kuma kin san inda na gado shi.

Na fara da Umma. Ta ce ita 'yar birni ce, ba ta tashi da daka ba, kuma in kina yi hankalinta yana kan tukunya. Da na matsa, sai ta ce ta tuna ɗaya. Tana amarya ta ƙona tuwo, washegari da safe ta ji kin saka ta a waƙa, wai amaryarmu ta yi mana gawayi da miya. Ta ce kwana uku tana kuka a ɗaki. Ta faɗa mini tana dariya, amma ta ce in na rubuta sunanta a takardar makaranta sai ta karya ni. Na samu ɗaya ke nan.

Na je wurin Baba, kin san yadda hakan ke yi mini wuya. Na durƙusa na fi minti biyar kafin maganar ta fito. Ya ce shi namiji ne, daga zaure yake jiyo ku, bai taɓa tsayawa saurare ba. Sai ya ce abin da ya sani ɗaya ne, kowa na gidan nan kin saka shi a waƙar ban da shi, don shi ne ɗan fari, ko sunansa ba kya faɗa.  Sannan ya ce ranar Asabar in shirya, zai kai ni Aujara wurin Goggo, ita ce ta yi daka da ke tun tana yarinya.

Muka je. Goggo tana gaishe ki, in ana gaisuwa. Na gaya mata abin da ya kawo ni, na fito da biro da takarda na ce ta faɗo mini waƙar daga farko har ƙarshe. Iya, matar nan dariya ta yi har ɗankwalinta ya zame. Ta tambaye ni wane farko, wane ƙarshe? Ta ce ba ki taɓa yin waƙar nan iri ɗaya sau biyu ba. Amshin ne kawai ba ya canjawa. Sauran, abin da idonki ya faɗa kai shi kike sakawa. Kaza ta shiga ɗaki, ki saka. Baƙo ya daɗe bai tafi ba, ki saka. Wata ta zo aron rariya ba ta mayar ba, ki saka, tana ji ta katanga. Ta ce babu waƙar da zan nema, don babu ita, kullum da safe kike yin sabuwa ki watsar kamar dusa.

Ashe haka ne? Ashe wata biyu ina zagin kaina a kan na manta abin da babu shi? Kuma ba ki taɓa gaya mini ba! Ni ina tsaye ina amsawa da zuciya ɗaya, na ɗauka wata tsohuwar waƙa ce ta kakanni, ashe labarin kazar maƙwabta ne. Haba Iya.

Goggo dai ta yi ƙoƙari. Ta tuno ta jakin marigayi Kaka da ya ƙi tsallake kwari. Ta tuno ta shekarar da tsuntsaye suka sauka a gero. Ta tuno wadda kika yi mata ita kanta, wai dakanta kamar mai tsoron tada turmi daga barci. Ta fara wata kuma ta rufe baki, ta ce wannan ba ta yara ba ce. Na haɗa da ta Umma, na cike sauran da abin da na ga ya yi kama da naki, na samu takwas. Ni da Rabi muka zauna saka do, re, mi. Nan ma kin ba mu wahala. Muryarki ba ta tsayawa kan do, ba ta tsayawa kan re, tsakani take bi tana zamewa. Rabi ta gaji ta ce mu rubuta duk wanda ya zo, ai Malama ba ta san ki ba. Haka muka yi. Ban ji daɗi ba, amma haka muka yi.

Tunda faɗar gaskiya nake, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ciwon kan da nake yi ranar Asabar, ƙarya ce, dakan nake gudu. Kuma lokacin da nake aji shida na firamare, in 'yan makarantarmu za su wuce ta ƙofar gida kina waƙa, da gangan nake rage murya don kada su ce kakata 'yar ƙauye ce. Kin lura, na san kin lura, don sai ki ƙara ɗaga taki.

Ga kuma babbar. A asibiti, saura kwana biyu ki rasu. Da aka shigar da ni kina kwance, kika kalli robar ruwan da aka rataya miki, kika yi wani ɗan baiti a kanta a hankali, sannan kika juyo kina kallona. Amshi kike jira. Akwai mutane a ɗakin, da ma'aikaciya, da masu jinyar gadon kusa. Na sunkuyar da kai. Kika ɗan jira, sannan kika rufe ido. Kalma bakwai ce, Iya, kuma na san su. Ki yafe mini. Ina jin haushinki, amma na fi jin nawa.

Saura kwana biyu jarrabawa na gane wata matsalar. In ba ni da taɓarya a hannu, waƙar ba ta tafiya, sai ta riƙa tuntuɓe. Na sa Rabi ta tambayar mini Malama ko zan iya zuwa da ita. Malama ta kalle mu ta saman tabarau ta ce nan aji ne, ba tsakar gida ba, gobe kuma wani zai zo da rijiya don ya yi waƙar jan ruwa. Don haka na koyi buga dunduniya a ƙasa maimakon taɓarya.

Ranar Laraba da hantsi aka kira sunana. Na fita na tsaya. Malama tana riƙe da takardata da jan bironta. Na fara buga dunduniya. Na yi ta jakin Kaka, na ba kaina amshi. Na yi ta tsuntsaye, na ba kaina amshi. Kin san wahalar mutum ya bayar kuma ya amsa? Babu wurin numfashi. Na yi ta uku. Da na zo ta huɗu, babu ita. Ta tafi. Kaina fari fat kamar an wanke ƙwarya. Amma ƙafata ba ta tsaya ba, tana ta bugu, wurin baitin yana zuwa, kuma dole a saka wani abu a ciki.

Sai na ji bakina ya ce fankar ajinmu ta yi shekara tana hutu. Wallahi ban shirya ba, ita na gani a sama. Na amsa. Sai na ce jan biron Malama ya fi wuƙa kaifi. Na amsa. Wani ya yi dariya, amma ba irin ta wancan karon ba. Na ga Malama ta daina bin takardar. Tsoro ya ƙara kama ni, na nemi fuskar da zan iya kallo, kuma fuska ɗaya ce a ajin. Na kalli Rabi. Kumatunta a cike, hannunta a cikin hijabi. Kafin in kama bakina ya riga ya ce Rabi tana daka ƙuli-ƙuli da turmin baki, Malama ba ta gani ba.

Ajin ya kece. Ni kuma na ƙarasa har takwas, ban ma san me na ce a sauran ba. Malama ta taso ta ce Rabi ta fito da hannunta. Leda guda aka samu. Aka sa ta durƙusa har aka tashi, aka kuma ba ta sharar aji ta sati ɗaya. Tun daga ranar babu mai kiranta Rabi kawai, sai an ƙara Ƙuli.

Sakamako ya fito jiya. Malama ta cire mini maki don na bar takarda, ta rubuta hakan da manyan baƙaƙe. Ta ƙara mini waɗansu, wai ban sauka daga kan kiɗa ba ko sau ɗaya. Da aka haɗa, na haye da ƙyar. Lissafi na faɗi kamar yadda na ce. Na wuce aji biyu, Iya. Rabi ma ta wuce. Sunayenmu suna jere a takarda ɗaya.

Amma yau kwana tara ba ta yi mini magana ba. Ta ɗauke jakarta ta koma bencin baya. Shekaranjiya fitsari ya matse ni tun darasin farko har aka tashi, don babu mai ɗaga mini hannu. Duk wahalar nan don in zauna kusa da ita na yi, na je har Aujara, na durƙusa gaban Baba, na tsaya gaban mutum hamsin. Na samu ajin, na rasa wadda nake son ajin dominta. Kin ga abin da kika jawo mini?

Ke kin yi shekara da shekaru kina saka mutane a waƙa. Yaya kike yi da su bayan an gama dakan? Ke tsohuwa ce, kina da izini, a yi fushi da ke da safe a kawo miki goro da yamma. Ni wa ya ba ni? Wannan ma ba ki koya mini ba. Na tambayi Umma yadda kuka shirya bayan maganar tuwon. Ta ce ba haƙuri kika ba ta ba, a rana ta huɗu kika shiga ɗakinta da kanki kika zauna a ƙasa, kika ƙi tashi sai da ta yi magana.

Gidan su Rabi yana bayan masallacin Juma'a, ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Hutu ya fara, in ban je ba sai bayan sati shida, kuma kafin nan ta sami wata abokiyar bencin. Don haka gobe in na gama wanke-wanke zan je. Zan yi sallama da bakina, mamanta ta amsa, ta tambaye ni wa nake nema, in faɗa.  Ban san ko za ta fito ba. In ta fito ban san me zan ce ba, kuma ba zan rubuta shi a takarda ba. Zan zauna a ƙasa dai.

Na tsaya nan, Iya Ƙarama ta tashi tana tsala ihu, Umma tana kirana. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki duk waɗanda kika saka a waƙa. Ban huce ba tukuna, amma ina yi miki addu'a bayan kowace salla.

Sai mun zo.

Jikarki,
Saratu